Me ke sa hoton biki ya fito dishi-dishi?

Sabon mai hoto da zarar ya tara kuɗi ya sayi lens (gilashin gaban kyamara) na 50mm f/1.8, sai ya kafe lambar a 1.8 ya manta da ita, wai don bayan hoto ya narke. Daga nan ɓarna take farawa.

Lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi a cikin lens, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Idan ƙofar ta wangale, wurin da zai fito tar a hoton siriri ne ƙwarai. Ka tsaya mita ɗaya daga amarya a f/1.8, abin da zai fito raɗau bai wuce 'yan santimita ba. Sai ka ga hanci ya fito, idanu sun dushe. Ɗora saitin fokas, wato inda kake so ya fito tar, a kan idon da ya fi kusa da kai.

Inda aka fi jin kunya shi ne hoton taro. Ƙawayen amarya sun jeru layi uku, na gaba sun fito fes, na baya kamar a cikin hazo, kuma galibi wadda ta fi kashe kuɗin kwalliya ce a baya. Maida lambar f/5.6 ko f/8, ka ja da baya, domin nisa ma yana faɗaɗa wurin da ke fitowa tar. Amma fa akwai biya: daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, a f/8 saura kashi ɗaya cikin takwas. Ka ƙara ISO (lambar da ke ƙara wa hoto haske a kyamara) ko ka kunna filasha. Kada ka rage gudun shata (labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga) ƙasa da 1/125 na daƙiƙa alhali mutane na motsi, in ba haka ba motsin zai dusar da hoton, ka gudu ne ba ka tsira ba.

Wasu kuma sai su zarce f/22 don komai ya fito. Haske idan ya matse ta 'yar kafa bazuwa yake yi, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, kuma ƙurar hunturu da ta kwanta a kan sensa (faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara) ta fito ɗigo-ɗigo. Yawancin lens sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8.

Lens ɗin 18-55mm da ke zuwa da kyamara yana da nasa hali: f/3.5 yake a 18mm, kana zuƙowa zuwa 55mm ya koma f/5.6, zauren biki ya yi maka duhu.

Sai hoton lalle da zobe. Kowane lens yana da iyakar kusancinsa, na lens ɗin EF 50mm f/1.8 STM na Canon santimita 35 ne. Ka matsa fiye da haka, sai dai ka ji yana ta kai-komo bai kama komai ba. Ja da baya kaɗan, ka yanke hoton daga baya a kwamfuta.