Yadda zaka hore dukushi ba tare da bulala ba

Toh masu sha'awar dawaki, musamman matasan da ke sayen dukushi da niyyar hawan sallah, dan Allah ku rage gaggawa. Abin yana damuna inga an sauke doki daga kasuwar Maigatari yau, gobe an ɗora masa sirdi an cusa masa linzami, ya yi tutsu a hau shi da duka ace wai mugun doki ne, alhali tsoro ne kawai yake ji, bai san gidan ba bai san ka ba.

Satin farko kar ka nemi komai a wajensa. Kai zaka rinƙa kai masa harawa da dusa da ruwa da hannunka, kar ka bar wa yaran barga duka, ka tsaya kusa da turke kana masa magana a hankali har ya saba da muryarka da warinka. Kuma ta gefen kafaɗa ake zuwa wa doki, domin baya ganin abin da ke daidai bayansa da wanda ke dab da goshinsa, shiyasa inka ɓullo masa ta baya ba sallama zai zabura ko ya kai harbi. Fara shafa wuya, sai kafaɗa, sai gadon baya, kai da kunne su zo daga ƙarshe. Ka lura da kunnuwan nan sosai, in ya kwantar da su baya ya ɗaure baki toh ja da baya ka bashi fili, in kuwa ya sauke kai yana lasar leɓe kamar mai tauna, ya saki jiki kenan.

Sai ragama, wato igiyar da ake ɗaura wa doki a kai ana jan sa da ita. Nan ne fa duk aikin yake, kuma nan mutane suka fi ɓata doki. Ka ja igiyar kaɗan, ja mai laushi, ka riƙe a haka kar ka ƙara ƙarfi kar ka fizga, kana jira, da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya ya matso ko da taku guda ne, saki nan take. Sakin nan shine yake gaya masa ya yi daidai. Inka makara da sakin, ko ka cigaba da ja bayan ya bi, wallahi abin da ka koya masa shine bin ka bashi da amfani, gara ya turje. Haka zaka yi wajen tsayawa, ja da baya, juyawa dama da hagu, har ɗaga kofato, duk hanya ɗaya ce. Minti 15 zuwa 20 ya isa a rana, da safe ko bayan la'asar, kuma ka tsaya a lokacin da ya yi abu mai kyau, ba sai ranka ya ɓaci ba. Ranar da ka shigo da fushi daga waje ma ka haƙura, ka goge masa jiki ka tsefe geza shikenan.

Sirdi kuwa fara da jalala kaɗai, wato ƙyallen shimfiɗar sirdi, bari ya shinshina, ka ɗora ka sauke har ya daina kulawa. In an zo majayi, wato maɗaurin sirdi da ke bi ta ƙarƙashin ciki, kar ka tamke lokaci guda, ɗaura sako-sako ka zagaya da shi sannan ka ƙara. Hawa ni dai ban yarda da shi ba kafin shekara 3, shima sama-sama, don ƙashin bayan doki baya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Ranar farko ka sa ƙafa a likkafa ka ɗora cikinka akan sirdin ka sauka, wani na riƙe da ragama, ba sai ka zauna ba.

Linzamin gargajiyarmu mai zobe ɗin nan yana da zafi, yana zama ne a wajen da babu haƙori, dasashi ne zalla akan ƙashi, hannu mara tausayi sai kaga jini da kumfa. Sabon doki ka nema masa mara kaifi, kaimi kuma ajiye shi tukuna.

In hawa kake nufi da shi, kar ranar sallah ta zama ranar da zai fara jin bindiga da tambari da algaita. Tun da watanni ka rinƙa fita kilisa da shi tare da tsohon doki mai natsuwa, ku bi ta inda ake kiɗa daga nesa, ku wuce babura da 'yan adaidaita, kullum kuna ɗan matsowa. In ya tsorata kar ka dake shi, juya shi ku koma inda hankalinsa ya kwanta ku tsaya, gobe a sake gwadawa daga nan.