Maɓallin Buɗe Gareji da ke Jikin Mota: Yadda Za Ka Hana Shi Zama Mukulli a Hannun Ɓarawo

Motoci da yawa suna zuwa da wasu ƙananan maɓallai guda uku, ko a ƙasan madubin duba baya, ko a jikin makarin rana, ko a saman kai kusa da fitilar ciki. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HomeLink, da kamfanin Gentex ya saya daga Johnson Controls a 2013, sai kuma Car2U da ke cikin wasu motocin Ford da GM. Aikinsu ɗaya ne: su haddace siginar rimot ɗin gareji, su riƙa aika ta a madadinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, rimot kana iya jefa shi a aljihu ka shige gida da shi, amma wannan duk inda mota ta kwana nan yake kwana. Wanda ya samu shiga motarka ya samu hanyar garejinka, kuma a gidaje da dama ƙofa ɗaya ce tak tsakanin gareji da cikin gida, ita ma ba kowa ke kulle ta ba.

Fara da gwada motarka

Ba kowace mota ce ke ba maɓallan nan wuta iri ɗaya ba. A wasu sai an kunna mota suke aiki, a wasu kuwa kai-tsaye suke jan wuta daga batir, dare da rana. Kada ka dogara da abin da wani mai irin motarka ya faɗa maka, domin tsarin yakan sauya daga shekara zuwa shekara ko a samfuri ɗaya.

Ka ajiye motar a gaban gareji, ka sauke gilashin gefen direba, ka kashe ta, ka fita ka kulle da mukulli. Ka kai mukullin can cikin gida, nesa da inda motar za ta iya jin sa, ka dawo ka zura hannu ta taga ka danna maɓallin. Ka sake gwadawa bayan minti 15, saboda wasu motocin sukan bar wuta a wasu na'urori na ɗan lokaci bayan an kashe su. Idan ƙofa ta ɗaga a karo na biyu, to wanda ya fasa gilashi da dutse ma za ta ɗaga masa. Irin wannan mota, muddin a waje take kwana, abu biyu ne mafita: ko ka goge maɓallin ka koma ƙaramin rimot na maƙalawa a jikin mukulli, ko ka riƙa kulle injin ƙofar kowane dare.

Kulle injin ba shi da wuya. A allon bango na injinan LiftMaster da Chamberlain akwai maɓalli mai rubutun Lock. Ka danne shi kamar sakan 2, fitilar allon za ta fara ƙiftawa, daga nan injin ya daina sauraron kowane rimot, har da na cikin mota. Allon bangon zai ci gaba da aiki, haka ma allon lambobi na waje, don haka lambar sirrin da ke kansa kada ta zama shekarar haihuwa ko lambar gida.

Wace irin lamba injinka ke amfani da ita?

Ka buɗe murfin tsohon rimot ɗinka. Idan ka ga jerin 'yan ƙananan makunnai, takwas zuwa 12, da ake turawa sama ko ƙasa da bakin biro, injinka na tsayayyar lamba ne: sigina ɗaya yake aikawa kullum, ba ta sauyawa. Makunnai takwas lambobi 256 kacal suke bayarwa, 12 kuma 4,096. A 2015 masanin tsaron na'urori Samy Kamkar ya gyara wani abin wasan yara na aika saƙo, ya sa masa suna OpenSesame, ya nuna cewa yana iya gwada dukkan lambobin nan ya buɗe irin wannan ƙofa a ƙasa da sakan 10. Ba ma sai an kai ga haka ba. Duk wanda ka ara wa rimot ɗin na minti biyu, zai iya kara shi kusa da maɓallin motarsa, tazarar santimita 3 zuwa 8, ya danna su tare, motarsa ta haddace lambar gidanka, ya maido maka da rimot ɗinka ba tare da ka ga wata alama ba.

Sauya matsayin makunnan a rimot da kuma a injin yana yanke wanda ya riga ya kwafa, amma ba ya ƙara yawan lambobin. Gyaran gaske shi ne a sauya injin, ko a haɗa masa sabuwar na'urar karɓar sigina mai lamba mai sauyawa, a ɗaura wayoyinta biyu a inda wayoyin maɓallin bango suke shiga. A nan ne mutane ke yin kuskure: sai su sa sabuwa su bar tsohuwar na'urar karɓa a haɗe, tana nan tana sauraron tsohuwar lamba. Dole a cire ta. In kuwa a cikin allon injin take ba ta ciruwa, sabon inji ya fi. Dama littafin HomeLink ya hana a haɗa shi da injin da ba ya tsayawa ya koma sama idan ƙofa ta ci karo da wani abu, ya ambaci waɗanda aka ƙera kafin 1 ga Afrilu 1982.

Injinan da aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau galibi lamba mai sauyawa suke amfani da ita: kowace dannawa sabuwar lamba, wadda aka yi amfani da ita kuma ta mutu. Genie suna kiran nasu Intellicode, Chamberlain da LiftMaster kuma Security+. A na biyun nan launin maɓallin Learn, wanda ake shigar da rimot da shi, da ke bayan injin yana gaya maka zamaninsa: ja ko ruwan lemo da shunayya Security+ ne, ruwan ɗorawa Security+ 2.0 ne wanda ya fito a 2011, kore kuwa ya girme su duka, lambarsa ba ta sauyawa.

Ita ma lamba mai sauyawa an taɓa karya lagonta. A taron masana tsaron na'urori na DEF CON a 2015 Kamkar ya nuna RollJam, 'yar na'ura da ake ɓoyewa kusa da ƙofa. Ka danna, ta toshe siginar ta naɗe ta. Ka sake dannawa, ta naɗe ta biyu ta saki ta farko. Ƙofa ta buɗe, kai ka wuce, ita kuma ta rage da lamba ɗaya da ba a taɓa amfani da ita ba. Ya kamata a san da ita, amma kada ta ɗauke maka hankali daga abin da ke gabanka. Tana buƙatar kayan aiki da ilimi da haƙuri, dutse kuwa a ƙasa ake tsintar sa.

Gogewa wuri biyu ake yin ta

Wannan shi ne abin da aka fi jahilta. Akwai ƙwaƙwalwar mota, akwai ƙwaƙwalwar injin ƙofa, kuma goge ɗaya ba ya taɓa ɗayar.

Ta mota ita ake gogewa idan motar na hannunka kuma za ta bar shi: za ka sayar, za ka mayar da ta haya, ko za ta daɗe a wurin makanike. Ka kunna mota, ka danne maɓallai biyu na gefe, na farko da na uku, a tare, har sai 'yar fitilar ta koma ƙiftawa da sauri ko ta sauya launi. Yakan ɗauki sakan 10, a tsofaffin samfura har 20. Wannan yana share maɓallan uku gaba ɗaya. Ba a iya share guda ɗaya shi kaɗai, sai dai a ɗora masa sabuwar sigina a kan tsohuwa. Motocin da ke da tsarin a allon dashbod, daga can ake sharewa. Cire kan batir ba ya gogewa, an yi ƙwaƙwalwar ne don ta riƙe ko babu wuta. Bayan ka goge, ka tsaya a gaban ƙofa ka danna kowane maɓalli ka tabbatar.

Idan kuwa motar ta riga ta bar hannunka, an sace ta ko ka sayar ka manta, sai ka je wa injin. Ka hau tsani, ka nemo maɓallin Learn kusa da inda siririyar wayar eriya ta sauko, wani lokaci a ƙarƙashin murfin fitila. A Chamberlain da LiftMaster ka danne shi kamar sakan 6 har fitilar gefensa ta mutu. Shi ke nan injin ya manta da kowa: motar da aka sace, motar matarka, rimot ɗin yara, har allon lambobi na waje. Sai ka sake gabatar da su ɗaya bayan ɗaya: ka danna Learn sau ɗaya ka saki, kana da sakan 30 ka danna rimot ɗin. Na mota yakan so a danne shi sakan 2 a saki, sau biyu ko uku, don haka ka sa wani ya zauna a motar kafin ka hau tsani, maimakon ka sauko a guje. Tsarin Genie ya ɗan bambanta, ka duba littafinsa. A ranar da aka sace mota ake yin wannan, kafin a kwanta barci. In ba hali, a zare filogin injin a sa sakata.

Wanda ya tare a sabon gida ma da wannan zai fara. Tsohon mai gida zai miƙa maka rimot biyu da zuciya ɗaya, alhali motarsa, da ta ɗansa, da wadda ya sayar shekara uku da suka wuce, duk suna nan a ƙwaƙwalwar injin. Haka kuma sakan 30 ɗin nan sun ishi duk wanda aka bari shi kaɗai a gareji da tsani ya shigar da nasa rimot. Bayan an gama wani dogon aiki da baƙi suka yi ta shiga da fita, gogewa da sake shigarwa ba za su ci maka minti 10 ba.

Maɓallin ba ya amfanar ɓarawo sai ya san ƙofar da yake buɗewa, kuma mota ce kan gaya masa: takardun mota da na inshora a aljihun dashbod, ambulan mai adireshi a ƙarƙashin kujera, da wurin da ka adana da sunan gida a taswirar mota. Ka adana wata mahaɗar hanya da ke kusa a maimakon ƙofar gidanka, ai ka san sauran hanyar. Takardun da doka ta ce a riƙe, ka riƙe su a jikinka in dokar wurinka ta yarda. Motocin da ke buɗe gareji da kansu da sun iso gida, irin su Tesla, a kashe musu wannan tsari kafin a ba wani aro.

Ƙofar kanta

A jikin layin dogon da ke jan ƙofa akwai jar igiya mai raba ƙofa da inji idan wuta ta ɗauke. Ɓarayi sukan tura waya mai lanƙwasa ta saman ƙofa, tsakanin roba da bango, su kamo ta su ja, su ɗaga ƙofar da hannu. Don hana haka, wasu masu gida kan ɗaure hannun da igiyar ke ja da robar ɗaure waya. Wannan shawara ce mai haɗari: ranar gobara, ko ranar da ƙofa ta danne yaro, igiyar nan ce mafita. Gara a ɗaura garkuwar ƙarfe ko roba da ake sayarwa don tare gabanta, a kuma rufe gilashin ƙofar da leda mai hana gani, don kada a hango inda igiyar take.

Idan za a yi doguwar tafiya, a zura sakatar gefe ko a maƙala kwaɗo a ramin layin dogo na gefen ƙofa daidai saman tayar ƙofar. Amma a zare filogin injin tukuna. In aka manta wani ya danna maɓalli, injin zai ja ƙofar da ke ɗaure, ya lanƙwasa fallen sama na ƙofar ko ya cinye haƙoran giyarsa. Ka liƙa takarda a kan allon bango don tunatar da mutanen gida.

Ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida kuwa, a ɗauke ta tamkar ƙofar waje: katako mai kauri ko ƙarfe, makulli mai dogon harshe, da kusoshi masu tsawon santimita 7 ko fiye a farantin da harshen ke shiga, yadda za su ratsa firam su kama ginshiƙin bango. Kusoshin da ke zuwa a kwalin makulli gajeru ne, a firam kawai suke tsayawa, duka ɗaya da ƙafa ke tsage shi.