Yadda Ake Tantance Jita-jitar Sabuwar Na'urar Wasan Bidiyo ta Hannu Kafin a Kashe Kuɗi

Duk lokacin da aka fara ƙishin-ƙishin cewa wani kamfani yana shirin fito da sabuwar na'urar wasan bidiyo ta hannu, sai intanet ta cika da hotuna da bidiyo da jerin lambobi, kowa yana cewa majiyarsa ce mai tushe. Wani zai ce allonta ya fi na da girma, wani ya ce za ta fito kafin ƙarshen shekara, wani kuma ya yanka mata farashi tun kamfanin bai amsa cewa akwai ta ba. Abin da ke damuna shi ne mutane suna yanke shawarar kuɗi a kan irin waɗannan maganganu: wani ya karyar da na'urar da yake jin daɗinta, wani ya fasa sayen wadda ke kasuwa ya zauna jiran gawon shanu. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, kuma yawancin raɗe-raɗin yana da ɗan tushe, sai dai abin da ake gwadawa a ɗakin binciken kamfani daban, abin da zai iso hannun mai saye daban. Ga matakan da za su taimaka wajen rarrabe su.

Mataki na farko: bi labarin har inda ya faro

Idan ka ga shafuka goma sun ɗauko labari ɗaya, kada ka ɗauka shaidu goma ke nan. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya faɗa, sauran tara kuma kwafa suka yi. Buɗe rahoton, nemi inda marubucin ya ce ya samo, ka bi wannan mahaɗin, ka sake bin na gaba, har ka tsaya a wurin da babu kowa a bayansa. A kan hanya za ka lura da yadda kalmomi suke zubewa: wanda ya fara faɗa ya ce "mai yiwuwa", na biyu ya ce "ana sa ran", kafin a kai na biyar an koma "an tabbatar". Duba kuma ranar da aka fara wallafa shi, domin tsohuwar jita-jita takan dawo da sabon kanu.

Idan ka isa tushen, tambayi kanka ko wane ne mai maganar, kuma me ya taɓa faɗa a baya. A watan Yulin 2016, lokacin da duniya ba ta san komai ba game da na'urar da Nintendo ke kira NX a ɓoye, shafin labaran wasannin bidiyo na Eurogamer ya ruwaito cewa na'ura ce ta hannu mai madannai da ake cirewa daga gefe, wadda ake iya haɗawa da talabijin, kuma ƙwaƙwalwarta, wato ɓangaren da ke sarrafa wasan, ta kamfanin Nvidia ce. Da aka bayyana ta da sunan Switch a watan Oktoba na wannan shekarar, haka abin ya kasance. Ɗan jaridar da ya sa sunansa da na gidan jaridarsa a kan labari yana da abin da zai yi asara idan ya yi ƙarya. Asusun da ba shi da suna kuwa, wanda ke harba hasashe ashirin a wata ya goge waɗanda suka kuskure, ba shi da abin asara.

Mataki na biyu: gane irin shaidar da aka kawo

Shaidu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan tsaya a kai.

Mafi rauni ita ce takardar rajistar ƙirƙira. Kamfanoni suna rajistar dabaru masu yawa don kada wani ya riga su, kuma akasarinsu ba sa taɓa zama haja. A ƙarshen 2015 an ga wata takardar Nintendo mai zanen madanni mai siffar ƙwai wanda allo ya rufe fuskarsa baki ɗaya. A watan Maris na 2016 sai ga hotuna sun ɓulla na irin wannan madanni a kan tebur, aka ce na NX ne, mutane suka yi ta tafka muhawara a kansa. Daga baya waɗanda suka haɗa hotunan suka fito suka ce jabu ne, ɗaya daga ciki ma da injin buga abubuwa na 3D aka yi shi. Hoto mai dishi-dishi da aka ɗauka a karkace, wanda ya yi daidai da wani zane da kowa ya riga ya gani, abin tuhuma ne tun daga farko.

Sama da wannan akwai abin da masu tono manhaja suke ganowa. A watan Mayun 2021 an tsinci kalmar SteamPal a cikin Steam, manhajar sayar da wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, bayan wata biyu kuma aka sanar da na'urar hannu mai suna Steam Deck. Irin wannan shaida tana nuna cewa lallai ana aiki a kan wani abu, amma ba ta faɗin farashi ko ranar fitowa, wani lokaci ma sunan da aka gani ba shi za a yi amfani da shi ba.

Sai kamfanonin da ke yin rigar kariya da gilashin allo. Su kan samu awon na'ura da wuri don su shirya kayansu, shi ya sa abin da ke fitowa daga wurinsu yakan dace a kan girma da siffa da wurin maɓallai. A bikin baje kolin fasaha na CES da aka yi a Las Vegas a watan Janairun 2025, kamfanin Genki ya nuna kwaikwayon Switch 2, magajiyar Switch, kafin Nintendo ta bayyana ta, abin da ya kai su gaban kotu daga baya. Amma kwaikwayo fanko ne, ba ya gaya maka abin da ke cikin na'urar.

Mafi ƙarfi kafin sanarwa su ne takardun hukuma. A Amurka, na'urar da ke amfani da siginar rediyo kamar Wi-Fi da Bluetooth sai ta samu amincewa bisa ƙa'idojin hukumar sadarwa ta FCC kafin a sayar da ita, don haka idan takardunta suka bayyana, alama ce cewa aikin ya yi nisa. Haka kuma maganar da shugaban kamfani ya yi wa masu hannun jari, domin doka tana kama shi idan ya yaudare su. A watan Mayun 2024 shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya ce za a sanar da magajiyar Switch kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta kamfanin, wato ƙarshen Maris na 2025, kuma ranar 16 ga Janairun 2025 aka nuna ta.

Mataki na uku: bar wa majiya mai tushe ma wurin kuskure

A farkon 2021 rahotanni suka yi yawa, har daga kamfanin labarai na Bloomberg, cewa Nintendo za ta fito da Switch mai sabon allo da ƙarin ƙarfi wadda za ta nuna hoto mai ingancin 4K a talabijin. Masu wasa suka raɗa mata suna Switch Pro, wasu suka dakatar da saye suna jiranta. A watan Yuli sai Nintendo ta sanar da samfurin Switch mai sabon nau'in allo da ake kira OLED: allo mai inci 7, launi mai kyau, ma'ajiya mai ɗan yawa, amma ƙarfinta daidai da na tsohuwar. Batun allon ya tabbata, batun ƙarfin bai tabbata ba. Kamfani yakan gwada samfura da dama a lokaci guda, ya watsar da wasu saboda tsada ko ƙarancin kayan haɗi, don haka majiya tana iya faɗin gaskiyar abin da ta gani, abin kuma ya mutu kafin ya kai kasuwa. Saboda haka ka rarraba kowane rahoto gida-gida, allo daban, ƙwaƙwalwa daban, farashi daban, ka auna kowanne shi kaɗai.

Mataki na huɗu: auna alkawarin da batir da zafi

Na'urar hannu tana ɗaure da abubuwa uku da ke jan juna: ƙarfi, batir da farashi. Ƙwaƙwalwa mai ƙarfi tana shan wuta, tana kuma fitar da zafi, zafin yana buƙatar fanka, babban batir kuma yana ƙara nauyi da kuɗi. Wannan tsohon lissafi ne. Game Boy ta Nintendo, wadda ta fito a 1989 da allo marar launi, tana aiki da batura huɗu na tsawon sa'o'i masu yawa. Game Gear ta Sega, wadda ta biyo baya a 1990 da allo mai launi da haske, tana cinye batura shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar. Game Boy ce ta mamaye kasuwa.

Har yau ba a kuɓuta daga wannan ba. Valve ta ce Steam Deck ta farko tana ɗaukar sa'o'i 2 zuwa 8 da caji ɗaya, Nintendo kuma ta ce Switch 2 tana ɗaukar sa'o'i 2 zuwa 6 da rabi. Lambar da za ka riƙe ita ce ƙaramar, domin manyan wasannin da suka sa kake ɗokin na'urar su ne masu shanye caji. Idan jita-jita ta yi maka alkawarin ƙarfi irin na babbar na'urar falo, da batir na yini guda, da jiki marar nauyi, da farashi mai sauƙi, duk a tare, to wanda ya rubuta ta burinsa ya rubuta.

Mataki na biyar: tambayi wace irin na'ura ce, kuma me za ta kunna

A 2023, da aka fara jin cewa Sony na ƙera na'urar hannu, da yawa sun zaci magajiyar tsohuwar na'urarta ta hannu, PlayStation Vita, ce. Abin da ya fito a watan Nuwamba shi ne PlayStation Portal, a kan dala 199.99, na'urar da aka yi don ta jawo hoton wasa daga babbar na'urar falo ta PlayStation 5 ta intanet. Jita-jitar ta yi gaskiya cewa akwai na'ura, masu sauraro ne suka cike giɓin da abin da suke so.

Don haka nemi amsar waɗannan kafin ka damu da lambobin ƙarfi. Shin wasan yana gudana a cikin na'urar ne ko sai da intanet? Wasannin da ka riga ka saya za su yi aiki a kanta? Wannan tambaya tana da nauyi ga duk wanda ya tara wasanni shekara da shekaru, shi ya sa sanarwar da Nintendo ta yi a watan Nuwamban 2024, cewa wasannin Switch za su yi aiki a kan magajiyarta, ta fi dukkan hotunan da aka kwarmata amfani. Duba kuma kuɗin da ke ɓoye a bayan farashi. Vita, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 2011, na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma ba ta karɓar katin ajiya sai na Sony mai tsada, kuma wannan yana cikin abubuwan da masu saye suka fi kuka da su. Switch 2 ma ba ta ajiye wasanni a kan tsohon katin microSD, sai sabon nau'in microSD Express.

Mataki na shida: ajiye rana da farashi a ƙarshe

Waɗannan biyun su ne kamfani ke yankewa a ƙurarren lokaci, don haka jita-jita a kansu ta fi kowace rauni. Ko bayan sanarwa ma suna motsi. An yi alkawarin Steam Deck a watan Disambar 2021, ƙarancin kayan haɗi ya tura ta zuwa Fabrairun 2022. Nintendo 3DS ta shiga kasuwar Amurka a watan Maris na 2011 a kan dala 249.99, ciniki ya yi sanyi, a watan Agusta aka mayar da ita dala 169.99. A watan Afrilun 2025 kuma an ɗage fara karɓar odar Switch 2 a Amurka daga ranar 9 zuwa ranar 24 saboda batun harajin shigo da kaya, duk da cewa ranar fitowarta, 5 ga Yuni, da farashinta na dala 449.99 ba su sauya ba.

Mataki na bakwai: yanke shawara a kan abin da ya tabbata

Ɗauki takarda ka raba ta uku. A kashi na farko rubuta abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa, a na biyu abin da majiyoyi biyu ko fiye waɗanda ba su kwafi juna ba suka ruwaito, a na uku kuma sauran. Kashi na farko kaɗai ya cancanci a taɓa aljihu dominsa. Na biyu zai iya sa ka fara tanadi, ko ka jinkirta sayen tsohon samfuri na ɗan lokaci idan alamu sun nuna sanarwa ta kusa, musamman idan na'urar da ke kasuwa ta daɗe. Sai dai ka sa wa jiran iyaka, ka ce wata uku ko huɗu, idan wa'adin ya cika babu labari ka sayi abin da ke akwai.

Kada ka sayar da na'urar da ke hannunka sai sabuwar ta samu rana da farashi a hukumance, kuma ka tabbatar da yadda ake kwashe wasanni da bayanan ci gaban da ka adana zuwa sabuwar, domin wani lokaci ana buƙatar na'urorin biyu a gabanka. Kada kuma ka ba kowa kafin alƙalami a kan na'urar da ba a sanar da ita ba, wannan cinikin biri a sama ne. Idan an buɗe oda, yi ta a shagon kamfanin ko wurin dillalin da ya amince da shi, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ka biya.

Idan ba ka cikin masu son riƙe ta a ranar farko, jira mako biyu ko uku bayan fitowarta. A lokacin masu gwaji masu zaman kansu sun kunna babban wasa sun auna sa'o'in da batir ya ɗauka, sun ji ƙarar fanka a ɗaki shiru, sun duba allon a cikin hasken rana, sun kuma riƙe ta na tsawon sa'a biyu sun faɗi ko hannu yana gajiya. Kwatanta abin da suka samu da takardar nan taka mai kashi uku, sannan ka saya ko ka bari.