Yadda ake tantance ma'aunin kamu da caca kafin a fara aiki da shi a Hausa

Tun 2013 littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka ya mayar da matsalar caca rukuni ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da kamu da wasannin bidiyo cikin ICD-11, kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Sai dai babu gwajin jini da ke nuna mutum ya kamu da caca. Abin da likita ko mai bincike ke da shi a hannu tambayoyi ne, kuma yawancinsu a Turai da Amurka aka tsara su. Kafin ka ɗauki ɗaya ka shiga Fagge ko Tudun Wada da shi, sai ka tabbatar yana auna abin da aka ce yana aunawa. Mu ɗauki PGSI, ma'aunin tsananin matsalar caca, wanda aka fitar a Kanada a 2001: tambayoyi 9, kowace amsa daga maki 0 zuwa 3, jimla 27, wanda ya kai 8 kuma ana ɗaukarsa mai matsala.

Da farko ka nemi izini daga masu ma'aunin idan suna buƙata, sannan daga kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko jami'ar da kake aiki da ita. Wannan ba ya ɗaukar dogon bayani, amma kada ka tsallake shi.

Sai fassara. Mutum biyu da Hausa ce harshensu na gida su fassara, kowa shi kaɗai, a haɗa nasu a fitar da guda. A ba wani na uku, wanda bai taɓa ganin na asali ba, ya mayar da shi Turanci, a kwatanta. Inda ma'ana ta kauce, kwamitin masana ya zauna ya gyara.

Daga nan ka gwada shi a kan 'yan mutane kaɗan, kuma a nan ne nake ganin mutane ke gaggawa su yi asara. Ka zauna da saurayi guda, ka karanta masa tambaya, ya amsa, sannan ka ce: "To, da na tambaye ka wannan, me ka fahimta?" Za ka tarar wanda ke sa kuɗi a kan wasan ƙwallo ta waya kullum yana ce maka shi ba ya caca, a wurinsa caca ita ce karta a bayan kasuwa. Idan takardarka ba ta ambaci irin nasa ba, maki 0 zai samu alhali albashinsa na ƙarewa kafin goma ga wata. Ka kuma yanke tun yanzu ko mutum zai cike da kansa ne ko za a karanta masa, domin ba kowa ke karanta boko ba. Idan karantawa za a yi, a keɓe. Babu wanda zai ce ya sayar da babur ɗin yayansa yana kallon abokai a majalisa.

Yanzu babban gwaji. Al'adar masu bincike ita ce aƙalla mutum 10 ga kowace tambaya, amma ga tambayoyi 9 gara ka nemi ɗaruruwa, ka haɗa masu zuwa asibiti da mutanen unguwa. Dalili kuwa an gani a SOGS, ma'aunin 1987 mai tambayoyi 20: a kan marasa lafiya aka gina shi, da aka kai shi cikin jama'a sai ya riƙa lissafa masu matsala fiye da yadda suke.

Da amsoshin sun shigo kwamfuta, ka duba ko tambayoyin na tafiya tare. Ana auna wannan da alfa na Cronbach, 0.70 zuwa sama ake so, amma idan ya zarce 0.95 wataƙila tambaya ɗaya kake maimaitawa. Ka koma wa wasu daga cikin mutanen bayan kamar mako biyu ka sake tambayarsu, ka ga ko makinsu ya tsaya. Sannan ka yi lissafin da ke nuna ko duk tambayoyin abu ɗaya suke aunawa.

A wannan lissafin ka sa ido sosai kan tambayoyi biyu na PGSI: wadda ke tambayar ko mutum ya ji yana da laifi saboda cacarsa, da wadda ke tambayar ko mutane sun soke shi a kanta. A Kanada caca halal ce a doka, jin laifi alama ce ta abu ya fara ɓaci. A gidan Musulmi kuwa, wanda ya sa naira 200 sau ɗaya a shekara zai ji laifi, kuma idan mahaifiyarsa ta sani sai ta yi masa faɗa. Maki 6 ke nan zai iya tarawa ba tare da ya kamu da komai ba. Ba na cewa a cire su da ka; lissafin ne zai nuna ko suna tafiya da sauran bakwai.

Mataki na ƙarshe shi ne gwada ma'aunin da hukuncin likita. Likitan ƙwaƙwalwa ya zanta da mutanen da ka auna, ba tare da ya ga makinsu ba, ya bi sharuɗɗan DSM-5 guda 9, waɗanda ake buƙatar 4 daga cikinsu a cikin wata 12. Sai ka kwatanta: cikin waɗanda likita ya ce sun kamu, nawa takardar ta kama? Cikin masu lafiya, nawa ta wanke? Ka gwada iyakar makin da ake ɗaukar mutum mai matsala a 7, a 8, a 9, a 10, ka ga inda lissafin biyu ya fi daidaita. Idan don tacewa a ƙaramin asibiti ne, gara iyaka ta yi ƙasa a tura mutum wurin likita. Idan ƙidayar jama'a ce, iyaka mai ƙasa za ta kumbura adadi.

A rahotonka ka rubuta su waye ka auna. Idan samarin Kano ne, to a kansu aka tantance shi. Mai son aiki da shi a kan mata, ko a Maraɗi da Damagaram, sai ya sake daga matakin zama da mutum guda.