Ƙara da gajiya a aikin jirgin sama: kurakuran da masu shiga ke yi

Matashin da ke sha'awar aikin jirgin sama yakan lissafa kuɗin makaranta da albashi, ba kasafai yake tambayar abin da aikin zai ci a jikinsa ba. Shi ya sa wasu ke biyan kuɗi kafin su ga likita, alhali matuƙin jirgin fasinja sai ya tsallake gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, mai kula da zirga-zirgar jirage kuma ta uku, kuma duka ana auna ji. Kafin ka nemi gurbi a kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya ko wata, je wurin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. Ka adana sakamakon gwajin kunnen farko, da shi za a riƙa gwada na gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne "ai na saba". Kunne ba ya sabawa da ƙara, lalacewa yake yi. Can ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa dawowa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, masana sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ke nan. Kusa da injin babban jirgi lokacin tashi kuwa, ƙarar takan kai wajen 140. Makanikai da masu lodin kaya da masu zuba mai sun fi matuƙi shan wannan azaba, kuma su ne aka fi gani da auduga a kunne. Auduga ba ta tare wani abin kirki. Nemi toshen kunne na soso, ka murza shi ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura shi, ka riƙe har ya kumbura. In aikinka a gindin injin ne, ɗora murfin kunne a kai. Kada ka riƙa cirewa don hira, 'yan mintocin nan suna cinye kariyar. In ka tashi aiki kunne na maka "shuuu", ɓarna ta fara.

Sai gajiya. Aikin dare, jigilar alhazai, ga hazon hunturu da ke tsayar da jirage a Kano fasinja na ta faɗa. Wasu sai su dogara da goro da kofi, su kora da maganin mura don barci ya zo. Irin wannan magani yakan bar mutum da kasala har washegari, kada a sha sai da izinin likitan aikin. Barci ba shi da madadi: duhunta ɗaki, kashe waya, ka roƙi iyali su bar ka ka huta ko da rana ce.

Mafi haɗari shi ne ɓoye damuwa don tsoron rasa lasisi. A 2015 mataimakin matuƙin jirgin kamfanin Germanwings na Jamus, wanda ya ɓoye wa kamfaninsa ciwon damuwar da yake fama da shi, ya kifar da jirgin da gangan a duwatsun Faransa, mutum 150 suka mutu. Da yawa daga waɗanda suka bayyana damuwarsu da wuri ana yi musu magani su koma aiki. Ranar da ka ji ba ka da natsuwa, ka sanar da shugabanka kafin a sa ka a jadawali.