Allurar Botox a mafitsara: abin da za ku tsara kafin ku tafi wata ƙasa a yi muku

Wanda fitsari ke matsa masa ba shiri, yana zarya banɗaki fiye da sau 8 a yini, yana tashi cikin dare, wani lokaci ma ya kuɓuce masa kafin ya isa, shi ake cewa mafitsararsa tana matsewa fiye da ƙima. Allurar Botox ba ita ake fara yi ba. Ana farawa da horar da mafitsara ta riƙa jinkiri, da motsa tsokokin ƙugu, da rage abin sha mai sinadarin kafin, irin su kofi, sannan ƙwayoyi irin su solifenasin ko mirabegiron. Idan waɗannan sun gaza, ko bushewar baki da taurin bayan gida sun sa an kasa ci gaba da shan magani, sai a zo ga allura. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan lalura a shekarar 2013.

Aikin kansa gajere ne, ba a kwantar da mutum. Za a zuba maganin kashe zafi cikin mafitsara a bar shi ya ɗan jima, sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari. Likita zai narka yunit 100 na Botox cikin mililita 10 na ruwan gishirin asibiti, ya tsira shi a wurare kusan 20 a jikin tsokar mafitsara, rabin mililita a kowane wuri, tazarar santimita ɗaya tsakaninsu, zurfin milimita 2. Masu lalurar da ta samo asali daga raunin laka ko ciwon jijiyoyi ana ba su yunit 200 a wurare 30. Maganin yana hana jijiya isar da saƙon da ke sa tsoka ta matse. Bayan an gama za ku zauna aƙalla minti 30, kuma ba za a sallame ku ba sai kun yi fitsari da kanku.

Sauƙin nan shi ke ruɗar matafiya, har mutum ya yanki tikitin komawa gida washegari. Maganin ba ya kamawa ran da aka yi shi. Ƙarfinsa yana bayyana ne cikin mako biyu, kuma a daidai wannan lokacin matsalarsa mafi girma ke fitowa: tsokar ta yi sanyi fiye da yadda ake so, mafitsara ta kasa zubar da duk abin da ke cikinta. A manyan gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da maganin, kusan mutum 6 cikin 100 sun buƙaci su riƙa sa wa kansu robar fitsari, wasu na makonni, wasu na watanni. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna ragowar fitsari da na'urar sikanin a cikin mako biyu bayan allura. Idan ragowar ta kai mililita 350, ko ta wuce 200 kuma mutum yana shan wahalar fitsari, sai a fara amfani da roba. Don haka zaɓi biyu ne: ko ku zauna a can har a yi wannan awon, ko ku samu likitan mafitsara a inda kuke zaune wanda ya yarda tun kafin tafiya zai karɓe ku. Mu dai mun fi ganin na biyun ya zama dole ko da kun zaɓi na farko, domin riƙewar fitsari na iya ɗaukar lokaci fiye da kwanakin bizarku. Wanda ba zai iya sa wa kansa roba ba, kuma ba shi da mai sa masa, kada a yi masa wannan allura. Ku nemi a koya muku tun kafin ranar, ku taho da robobi a jaka.

Kafin ku tashi, ku rubuta lissafin kwana 3 na abin da kuka sha, da lokutan fitsari, da sau nawa ya kuɓuce. Ku haɗa da sunayen magungunan da kuka gwada da sakamakon awon ragowar fitsari, ku aika wa asibitin. Asibitin da ya ba ku rana ba tare da ya nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku yi hattara da shi. Ku yi gwajin fitsari ana saura kamar mako guda, saboda idan akwai ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari ba a yin allurar, kuma gara ku sani kuna gida da ku sani bayan kun biya kuɗin jirgi da masauki. Masu shan asfirin da makamantansa akan ce su dakata kwana 3 kafin aikin, amma likitan da ya rubuta maganin shi zai yanke, musamman ga mai ciwon zuciya. Mai juna biyu da mai cutar raunin tsoka ta miyasteniya su faɗa tun farko. Mai ciwon suga ya fi saurin riƙewar fitsari da kamuwa da ƙwayoyin cuta. Namiji kuma a tabbatar ba kumburin furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, ne ya toshe masa hanya ba.

Akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kwana 1 zuwa 3 kafin allura, da ranar, da kwana 1 zuwa 3 bayanta, amma ban da dangin jentamaisin, don suna ƙara wa Botox ƙarfi. Duk da haka kusan mutum 18 cikin 100 sun kamu da ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari a waɗancan manyan gwaje-gwaje.

Ku nemi ganin kwalbar kafin a narka ta. Ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma jabu na yawo a kasuwannin duniya. A rubuta muku sunan maganin, da lambar rukuninsa, da adadin yunit, da kwanan wata. Yunit ɗin Botox ba ɗaya yake da na Dysport, wani magani mai kama da shi, ba, kuma ba a so jimillar abin da ya shiga jiki ya wuce yunit 400 cikin wata 3, har da wanda aka yi a fuska ko don ciwon kai.

Ɗan jini a fitsari da raɗaɗi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi, ko gudajin jini, ko kasa fitsari gaba ɗaya, asibiti ake zuwa nan take. Haka ma wahalar haɗiya ko numfashi, ko ganin abu bibbiyu, alamar maganin ya yaɗu a jiki ne, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Amfanin allurar yakan gushe bayan kamar wata 6, wasu su kai 9, kuma ba a maimaita ta kafin mako 12. Idan za ku yi lissafin kuɗi, ku lissafa tafiya ɗaya ko biyu a kowace shekara, ku kuma tambayi kamfanin inshorarku a rubuce ko zai ɗauki nauyin matsalar da ta biyo bayan aikin da aka yi a waje, domin inshorar tafiya da yawa ba ta ɗauka.