Darasi Na Tara: Wutar Lantarki, Tankin Ruwa Da Ɗumi A Rumfar Shuka Ta Bayan Gida

Rumfar shuka ɗaki ne da ake kafawa da ƙarfe ko katako, a lulluɓe shi da leda mai kauri, domin a reni tumatir, tattasai, kokwamba ko latas ba tare da iska, ƙwari da ruwan sama mai ƙarfi sun lalata su ba. Masu sayar da kayan noma suna kiran ta girinhawus. Idan an gama kafa ta, abubuwa uku ne suke saura: wutar da za ta tayar da injin ruwa ta kuma ba da haske, tankin da zai riƙe ruwa, da kuma ɗumin da shuka take buƙata a daren hunturu. Za mu fara da wuta, domin a cikin ukun nan ita ce kuskurenta yake iya cin ran mutum nan take.

Wayar ƙasa

Cikin rumfa kullum a jiƙe yake. Da safe raɓa tana taruwa a jikin leda tana ɗiga, ƙasa tana da danshi, mai aiki kuma sau da yawa ba shi da takalmi, hannunsa da ruwa. Jiƙaƙƙen jiki yana ba wuta hanya fiye da busasshe nesa ba kusa ba, kuma wutar da ake ba gidaje a Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230, wanda ya isa ya tsayar da zuciyar babban mutum.

Ku ɗauki filogi mai ƙafa uku ku duba. Ƙafafu biyu na ƙasa su ne hanyar shigar wuta da komawarta, ƙafar sama kuwa, wadda ta fi su tsawo da kauri, ita ce ta wayar ƙasa, wadda masu aikin wayarin suke kira atin. A sababbin wayoyi, mai ruwan ƙasa-ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce ta komawa, mai zanen kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje za ku tarar da ja da baƙa a madadin biyun farko. Aikin wayar ƙasa shi ne, idan robar wata waya ta zage har wuta ta taɓa jikin inji ko ƙarfen rumfa, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi zuwa cikin ƙasa, maimakon ta jira wanda zai dafa ƙarfen ta bi ta jikinsa.

Na taɓa shiga rumfar wani maƙwabcina da sassafe, na same shi yana buɗe ƙofar da tsumma a hannu. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ƙarfen ƙofar yana ɗan jan sa idan injin ruwa yana aiki, amma ai ba wani ja mai ƙarfi ba ne. Da aka bincika, sai aka ga wayar injin an rataye ta a kan ginshiƙi, zafin rana ya busar da robarta ta tsattsage, kuma an cire ƙafa ta uku daga filogin don ya shiga wani soket mai rami biyu. Yaransa suna shiga wurin kullum su ɗebi ruwa. Ɗan jan da mutum yake ji a jikin ƙarfe sanarwa ce cewa wuta tana yoyo, kuma ranar da ƙasa ta fi jiƙa, jan ba zai zama ɗan kaɗan ba.

Yadda ake yin aikin shi ne a sami sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, mai tsawon mita 1.2 aƙalla, kodayake mai mita 2.4 ta fi, a kafa ta a ƙasa kusa da rumfar har sai kanta kaɗai ya rage a waje. Kafin a fara bugawa da guduma, a tabbata babu bututun ruwa, ramin masai ko wata waya da aka binne a wurin. Sannan a ɗaure wayar ƙasa mai kauri a kan sandar da maɗauri mai noti, ba naɗawa kawai da hannu ba, a kai ta akwatin rarraba wuta. Daga akwatin za a haɗa jikin injin ruwa, ginshiƙan rumfar idan na ƙarfe ne, da ƙafafun tankin idan su ma na ƙarfe ne, duka su koma ga wannan waya ɗaya. Bututun ruwa na roba ba ya ɗaukar wuta, don haka ɗaura wayar ƙasa a jikinsa aikin banza ne.

Akwai wata matsala da ta shafi ƙasarmu musamman. Busasshiyar ƙasa, ballantana jigawa mai yashi, ba ta karɓar wuta sosai, kuma daga watan Nuwamba zuwa Afrilu saman ƙasa yakan bushe ƙayau. Shi ya sa doguwar sanda ta fi gajera, domin tana kaiwa inda danshi yake, kuma shi ya sa ya kyautu a kafa ta a gefen da ruwan tanki yake zuba. Masu wayarin da yawa sukan zuba gawayi da gishiri a ramin sandar. Gaskiya ne hakan yana taimakawa da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan damina kuma yana wanke shi, saboda haka wanda ya yi haka sai ya riƙa tono kan sandar kowace shekara yana duba ko tsatsa ta cinye mahaɗin.

Sanda ita kaɗai ba ta wadatar ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe a darasin nan. Idan ƙasa ta bushe, wutar da za ta iya zurarewa ta sandar takan kasance kaɗan, a misali amfiya 2 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya), alhali fis ɗin da ke cikin filogi, wato 'yar wayar da take ƙonewa ta yanke wuta idan ta yi yawa, sai wuta ta haura amfiya 13 kafin ya ƙone. Ke nan fis ba zai yanke ba, ƙarfen kuma zai ci gaba da ɗaukar wuta. Maganin wannan ita ce na'urar da ake rubuta RCD ko RCCB a jikinta, wadda take auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, idan ta ga bambanci sai ta yanke wuta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ku nemi wadda aka rubuta 30mA a kanta, domin ita ce ta kare ran mutum. Tana da ɗan maɓalli na gwaji mai alamar T. Ku danna shi duk bayan wata uku, idan wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta lalace ke nan, a sauya ta. Wannan duka bai tsaya ga wutar kamfani ba: janareta da inbatar sola su ma suna buƙatar a haɗa jikinsu da wayar ƙasa.

Wayar da za ta taso daga cikin gida a zura ta a bututu a binne ta zurfin rabin mita, soket kuma ya zama mai murfi, a kafa shi sama da ƙugun mutum, nesa da inda ruwa yake fantsama. Haƙa rami da binne bututu aikinku ne, amma haɗa waya a akwati da auna ingancin sandar da na'ura aikin ƙwararre ne. A Nijeriya hukumar NEMSA ce take ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne ku nemi a nuna muku ita.

Tankin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka tanki mai lita 1,000 idan ya cika ya kai tan guda. Duk wanda zai ɗora shi a kan ƙafafu sai ya tuna da wannan lissafi, ya yi wa ƙafafun gindi da siminti, ya kuma shimfiɗa katako ko faranti mai faɗi ta yadda duk gindin tankin zai zauna daram. Tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa ruwa ya gangaro da kansa cikin siraran tiyo na ban ruwan ɗigo-ɗigo a ƙaramar rumfa, ba sai an kunna inji ba. Baƙin tanki ya fi fari, domin haske ba ya ratsa shi, gansakuka ba ta tsirowa a ciki ta toshe ramukan tiyo. A sa matata a bakin bututun fita, a kuma rufe murfin ruf saboda sauro da kuma yara.

Girman tanki yana bin yawan shuka. Idan muka ɗauka kowane gindin tumatir da ya girma yana shan lita 2 a rana, gindi 60 zai sha lita 120, tanki mai lita 500 kuma zai kai ku kwana huɗu. Ruwan sama ma riba ne: milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya, don haka wanda ya sa indararo a gefen rufin ɗakinsa zai iya cika tanki da ruwan dare guda.

Ɗumi a lokacin sanyi

A yawancin ƙasar Hausa zafi ne babban abokin gabar rumfa, ba sanyi ba. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan kai digiri 40, kuma furen tumatir yana zubewa idan zafin rana ya wuce digiri 35, shi ya sa ragar inuwa da buɗe gefen leda suka fi kowace na'urar ɗumama wuri amfani a mafi yawan watanni. Amma a watan Disamba da Janairu dare yakan yi sanyi, musamman a tudun Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma idan sanyi ya sauka kusa da digiri 10, ƙananan tumatir da tattasai da ake reno sukan tsaya cak ba sa girma. Kafin ku kashe ko kwabo, ku rataye ma'aunin zafi daidai tsawon shukar, ku duba shi bayan sallar asuba har tsawon mako guda, domin a wannan lokaci ne sanyi yake kai ƙarshensa.

A ganina, mai ƙaramar rumfa ya fara da ruwa kafin ya nemi wuta. Ruwa yana shan zafi a hankali, yana kuma sakin sa a hankali. Ku sami ganguna masu lita 200 waɗanda ba a taɓa zuba guba ko maganin ƙwari a cikinsu ba, ku shafe su da baƙin fenti, ku cika su, ku jera su a cikin rumfa inda rana take dukan su. Ganga ɗaya da ruwanta ya ƙara ɗumi da digiri 5 ta adana zafin da ya ɗan haura yunit ɗaya na mitar wuta, ganguna huɗu kuwa sun haura yunit huɗu, kuma duk dare za su saki wannan ɗumi ba tare da kun biya kowa ba. Ku rufe ƙofa da gefen leda tun la'asar sakaliya don ɗumin ya zauna, ku lulluɓe kwamin reno da wani yanki na leda ko buhu, ku yaye shi da hantsi.

Idan wannan bai isa ba, sai a koma ga hita mai fanka, wadda take kashe kanta idan ɗumi ya kai inda aka saita. Mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, tana cin yunit 12 cikin awa shida, don haka siririyar wayar jone ba za ta ɗauke ta ba, narkewa za ta yi. A ɗora ta a kan bulo, nesa da leda da ruwa, a kuma jona ta a soket ɗin da yake bayan na'urar yanke wuta. Kaskon gawayi kuwa, wanda shi ne hankalin mutane ya fi saurin zuwa gare shi, ina roƙon ku kada ku shigar da shi rufaffiyar rumfa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri kafin ta sumar da mutum, hayaƙinsa kuma yana sa ganyen tumatir ya lanƙwashe, furensa ya kakkaɓe.

Aikin wannan mako: kowa ya ƙirga gindin shukar da yake da shi ko yake niyyar dasawa, ya lissafa litar ruwan da za su sha a rana da kwanakin da tankinsa zai kai shi, sannan ya duba filogin injin ruwansa ya rubuta ko ƙafafunsa uku ne cif, ya zo da amsar aji na gaba.